"In Ji Wa?": Tsaron Ƙofar Gida a Zamanin Waya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan al'ada. Baƙo ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama. Yaro ya ruga cikin gida ya ce, "Baba, ana sallama da kai." Maigida ba ya miƙewa nan da nan. Sai ya ce, "Je ka ce in ji wa?" In an faɗi suna ya gane mai shi, sai ya fito su gaisa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Amma ko da baƙon abokinsa ne na shekara talatin, iyakarsa zaure. A gidaje da yawa har an rubuta a jikin bango da gawayi ko fenti: BA SHIGA.

Ashe kakanninmu tambaya biyu suke yi wa kowane mai zuwa. Ta fari, wane ne kai? Ta biyu, ina ne iyakarka? Masanan tsaron kwamfuta na yau ba su wuce waɗannan biyu ba. Ta farin suna kiranta tantancewa, watau a tabbatar mutum shi ne wanda ya ce shi ne. Ta biyun kuwa ba da izini, watau a yanka masa abin da zai iya taɓawa da abin da ba zai taɓa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata shi ne, gidajenmu sun sami sabuwar ƙofa wadda ba ta da zaure. Ƙofar nan tana cikin aljihunmu, ita ce waya. Ta cikinta ake shiga rumbun kuɗinmu, da hirar iyalinmu, da asusun ikilisiya. Da yawa cikinmu kuwa ba mu koyi ce wa mai ƙwanƙwasa ta "in ji wa?" ba.

Abin da ya sami wata 'yar'uwa

A wajen Bunguɗu akwai wata 'yar'uwarmu gwauruwa, mai sana'ar ƙuliƙuli da man gyaɗa. Tun kaka take tara ribarta a banki domin kuɗin makarantar ɗanta da takin damina. Ran nan da hantsi wayarta ta yi ƙara. Wani saurayi ya gaishe ta da ladabi, ya kira sunanta cikakke, ya ce, "Mama, daga bankinki nake kira. Yau za a rufe asusunki domin lambobinki ba su haɗu ba. Amma kada ki damu, zan taimake ki daga nan, ba sai kin sha wahalar zuwa Gusau ba."

Ya ce ta karanta masa lambobin da ke jikin katinta, gaba da baya. Ta karanta. Ya ce wata lamba za ta shigo wayarta yanzu, ta faɗa masa. Ta faɗa. Ta yi masa godiya, har ta sa masa albarka. Kafin tukunyar da ke kan murhu ta tafasa, saƙo ya shigo cewa an kwashe abin da ke cikin asusun.

Washegari wani dattijon ikilisiya ya raka ta Gusau. Amsar da suka samu ita ce, wanda ya cire kuɗin ya kawo dukan shaidun da na'ura take nema. A hanyar komowa ta ce wa dattijon, "Baba, ai sunana ya kira. Yaya zan yi in ce ban yarda da shi ba?"

Wannan tambaya tata ita ce tambayarmu duka. An rene mu da kunya da girmama baƙo, muna ganin tuhumar mutum rashin tarbiyya ne. Ɓarayin zamani sun san haka, da shi kuma suke cin mu.

Yadda muka iso nan

Ba da daɗewa ba kuɗin talaka yana cikin asusun ƙasa ne, ko ƙullin zane, ko ya zama akuya a turke. Abubuwa suka sāke da sauri. A 1961 ba wanda ya san lambar sirri a ƙauyukanmu, amma a shekarar ce wani malami mai suna Fernando Corbató, a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, ya sa kowane mai aiki da kwamfutarsu ya riƙe kalmarsa ta sirri, domin kada wani ya buɗe takardun wani. A 1967 bankin Barclays ya kafa injin ba da kuɗi na fari a Landan. Yau ga irin wannan aiki a tashar mota ta Tsafe, a hannun yaro mai POS a ƙarƙashin laima.

A nan Nijeriya, Babban Banki ya fito da BVN a watan Fabrairu 2014, lamba 11 wadda aka ɗaure da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa. A Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, ita ma lamba 11. Daga nan layin waya ya tashi daga abin gaisuwa kawai, ya zama mabuɗi.

Mu mutanen Zamfara mun ga nauyin wannan mabuɗi fiye da kowa. A Satumba 2021, da aka rufe hanyoyin sadarwa a dukan jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aika kuɗi ya tsaya cik. Mutane suka yi ta tafiya jihohin maƙwabta domin kira ɗaya tak. Waɗansu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Mu tuna yadda muke gane wasiƙar gaskiya a kwanakin nan: mun san rubutun hannun mai aikowa, mun kuma san direban da ya kawo. Shaida biyu ke nan, ba wanda ya koya mana.

Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sāke fasalin naira 200 da 500 da 1000. Yawancin rassan bankuna a Gusau suke, layi kuwa ba iyaka. Tsofaffi da mata da yawa suka miƙa katinsu da lambar sirri ga duk yaron da zai shiga gari. Wahalar ta wuce, amma a gidaje da yawa lambar nan ba a sāke ta ba har yau.

Tambaya ta fari: wane ne kai?

Hanyoyin gane mutum iri uku ne. Akwai abin da ya sani, kamar lambar sirri. Akwai abin da yake riƙe da shi, kamar katin banki ko layin waya. Akwai kuma abin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa da fuska. Kowane ɗaya shi kaɗai yana da rauni. Ana iya leƙen lamba, ana iya satar kati. Shi ya sa banki yake neman biyu tare. Lambar nan da takan shigo waya sa'ad da za a cire kuɗi, aikinta ke nan: ta nuna cewa layin yana hannun mai asusun. Da 'yar'uwarmu ta karanta ta ga baƙo, kamar ta miƙa masa wayar ce da hannunta.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin tantancewar da ta lalace, a Farawa sura 27. Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe. Yakubu ya shigo da sunan Isuwa domin ya karɓi albarkar ɗan fari. Mu lura, tsohon bai yi sakaci ba. Ya tambayi mai shigowa ko wane ne. Ya yi mamakin yadda naman ya samu da wuri haka. Ya shafa hannuwansa ya ji gashi, gama Rifkatu ta rufe su da fatar 'yan awaki. Ya sansana tufafinsa ya ji ƙanshin jeji. Abu ɗaya ne bai yi daidai ba, muryar. Kunnensa ya gaya masa gaskiya, amma ya bar sauran shaidun suka rinjaye shi. Da ya dakata kaɗan ya aika a kira wani na gida, da asiri ya tonu, gama Yakubu yana fita ke nan Isuwa ya iso.

Darasi biyu muke ɗauka a nan. In abu ɗaya ya tsaya maka a rai, kada ka danne shi. Mai ruɗi kuma kullum cikin hanzari yake, gama ya san mai gaskiya yana tafe. Duk wanda ya ce "yanzu-yanzu, in ba haka ba za a rufe", ya riga ya ba ka dalilin dakatawa.

A zamaninmu ko muryar ma ba abin dogara ba ce ɗungum, domin akwai na'urori masu kwaikwayon muryar mutum in sun sami ɗan abin da ya faɗa. Sanin sunanka kuwa ba shaida ba ne ko kaɗan. Sunanka yana kan rasit, yana kan takardar neman aiki, yakan fito a wayar duk wanda ya rubuta lambar asusunka kamar zai aiko maka da kuɗi.

Akwai wata dabara da ta addabi ƙungiyoyin ikilisiya. Wani ya kira ya ce shi ɗan zumunta ne, za a yi taron addu'a ta waya da yamma, an aiko maka da lamba shida ta shiga taron, ka karanta masa. Lambar nan ba ta taro ba ce, mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa, sai ya ɗauke shafinka, ya bi 'yan'uwa ɗaya ɗaya da sunanka da hotonka yana roƙon rance. Hannuwan na Isuwa, mai maganar kuwa wani ne dabam.

Mafi zafi duka, dukanmu mun san halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ta shiga a shekarun nan. Akwai marasa tsoron Allah waɗanda ba su kama kowa ba, amma sukan kira iyaye su ce ɗansu yana hannu, ko ya yi haɗari yana asibiti, a turo kuɗi maza. Sun san zuciyar uwa ba ta jiran bincike. Domin wannan muna ba kowane gida shawara su zaɓi wata kalma tasu ta cikin gida, wadda ba a rubuta ta a waya ba, ko wata tambaya da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, kamar sunan da kaka take kiransa da shi yana ƙarami. In irin wannan kira ya zo, a nemi kalmar. A kuma kira yaron a lambarsa da aka sani, a kira wanda suke tare, a sanar da dattawa da hukuma kafin a aika ko kwabo.

Tambaya ta biyu: ina ne iyakarka?

A ce mun tabbatar mutumin shi ne. Magana ba ta ƙare ba. Waɗanda suka yi zaɓen 2023 sun ga misali. Na'urar BVAS ta duba yatsanka ko fuskarka ta shaida kai ne. Duk da haka wanda ya yi rajista a wata rumfa a Tsafe ba zai jefa ƙuri'a a Kwatarkwashi ba. Saninsa dabam, izininsa dabam.

A nan ne yawancin asarar cikin gida take faruwa. Wanda ya cuce mu sau da yawa ba baƙo ba ne, wanda muka sani ne muka ba shi izinin da ya fi aikinsa girma. Uwa ta aiki yaro ya ciro naira 5,000, ta ba shi kati da lamba. A zuciyarta izinin 5,000 ta bayar, na yau kaɗai. A wurin na'ura kuwa ta ba shi izinin dukan abin da ke ciki, yau da gobe da jibi. Yaron kirki ne, amma mun ɗora masa jarabar da ba ta kamace shi ba. Addu'ar da muke yi kowace safiya kada a kai mu cikin jaraba, bai kamata mu kai 'ya'yanmu cikinta da hannunmu ba.

Littafin Esta ya nuna mana sarkin da ya yi irin wannan kuskure. Ahasurus ya san Haman sarai, babban bafadensa ne. Amma ya zare zoben hatiminsa ya miƙa masa ba tare da ya bincika maganar ba, bai kuwa yanka masa iyaka ba. Haman ya rubuta dokar hallaka Yahudawa da sunan sarki, ya buga hatimi. Ko bayan da asiri ya tonu, sarki da kansa bai iya soke takardar ba, gama abin da aka hatimce da zoben sarki ba ya sokuwa. Sai da aka rubuta wata sabuwa. Lambar sirrinka ita ce zoben hatiminka. Abin da aka yi da ita, da sunanka aka yi, komo da shi kuwa da wuya. Mu kuma lura da abin da sarki ya yi daga baya: ya karɓe zoben daga Haman ya ba Mordekai. Izinin da aka bayar ana iya karɓe shi, wajibi ne ma a karɓe in aiki ya ƙare.

Masana sun tsai da ka'ida a kan wannan: a ba kowa izini gwargwadon aikinsa, kada a ƙara. Manomi ya san ta tun tuni. Ɗan ƙodago yana shiga gona, amma mabuɗin rumbu yana wurin maigida. Uwargida takan auna wa mai girki hatsin yini, ba ta sakar mata buhu ba.

Ga yadda za mu yi da ita a aikace. Wanda yake da hali ya riƙe asusu biyu, ƙarami na cefane wanda za a iya aiken yaro da katinsa, da babba na ajiya wanda katinsa ba ya fita gida. In larura ta sa ka ba wani lambarka, ka sāke ta a ranar. A wurin mai POS, kai za ka danna lambarka da kanka, ka kāre da ɗaya hannun, bayan ka duba adadin da aka rubuta a fuskar na'urar. In ba ka iya karatu ba, ka tafi da naka wanda ya iya. Kada katinka ya ɓace wa idonka, ka kuma duba sunanka a jiki sa'ad da aka miƙo maka, gama akwai masu musanya kati. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halalinsu, mai gaskiya kuwa ba ya fushi don an duba.

Lamba huɗu tana da hanyoyin jerawa 10,000, na'ura kuma takan kulle kati in an yi kuskure sau uku. Amma in ka sa 1234, ko shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ka rage wa ɓarawo aiki. Kada kuma a rubuta ta a bayan kati ko a cikin murfin Littafi. A sa wa waya makulli, a sa wa layin ma lambarsa. A cikin WhatsApp akwai wurin ƙara lambar sirri ta biyu, a nemi wani matashi amintacce ya nuna yadda ake yi, sa'an nan ya juya baya mai wayar ya danna da kansa. Ranar da waya ta ɓace, kafin a zauna jimami, a sa a rufe layin da asusun.

Miji da mata, da kuɗin ikilisiya

Kada wani ya karanta wannan ya ce mun hana miji da mata amincewa da juna. Mun ga gwauraye da marayu suna wahala domin maigida ya tafi da asirin ajiyarsa kabari. Rubuta sunan matarka a takardar banki a matsayin magajiya bai ba ta izinin cire kuɗi ba, sai ta bi ta kotu ta samo takarda, wannan kuwa yakan ɗauki lokaci. Ya fi kyau ma'aurata su zauna tun suna da lafiya, kowa ya san inda ajiyar gida take. In sun ga dama su buɗe asusu na tarayya, wanda banki ya san su biyu ne masu izini. Wannan izini ne na fili, ya fi raɗa lamba a kunne.

Ga ikilisiya kuwa, Manzo Bulus ya bar mana gurbi a 2 Korantiyawa sura 8. Da za a kai gudummawa ga 'yan'uwa a Urushalima, bai yarda kuɗin ya bi ta hannun mutum ɗaya ba. Ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa, ɗaya daga cikinsu ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi, domin kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus bai ga wannan ƙasƙanci ba ne, ma'ajinmu ma ba zai gani ba. Baiko mutum biyu ko uku su ƙirga. Asusun ikilisiya, ko na zumuntar mata, ko na matasa, kada ya zauna da sunan mutum ɗaya. Sa hannu biyu kafin a cire kuɗi, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayar wani dabam da mai cirewa. In an yi sabon zaɓe, ko an yi wa fasto canjin wurin aiki, a je banki a sāke sunaye a makon nan, a karɓi mabuɗai, a sāke lambobi. Wannan yana tsare kuɗin, yana kuma tsare sunan bawan Allah daga baki.

Mu koma wurin 'yar'uwarmu

Kuɗinta bai komo ba. Zumuntar mata suka yi karo-karo, yaron ya koma makaranta, takin kuwa rabin abin da ta yi niyya ta samu. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ba ta ɓoye abin don kunya ba. Ta tashi a taron mata ta ba da labarin da bakinta. Bayan 'yan makonni aka kira wata tsohuwa a cikinsu da irin wannan murya mai zaƙi. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, na gode. Bari in zo ofishin naku da kaina, in same ka a can." Sai ya kashe waya.

Amsar ke nan, ba zagi, ba gardama. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa ko lambar da ta shigo wayarsa. Wanda ya tambaya, ko da sunan fasto ya zo, ko hukuma, ko masu rabon tallafi, a bar shi a zaure.

A Yahaya sura 10 Ubangijinmu ya bambanta makiyayi da ɓarawo da abu biyu: makiyayi ta ƙofa yake shiga, mai tsaron ƙofa ya buɗe masa, tumaki kuma sun san muryarsa, ba su bin baƙo. Bai kira tumakin nan marasa ƙauna ba don sun guje wa baƙuwar murya. Mu ma an kira mu mu zama masu karɓar baƙi, an kuma kira mu mu zama amintattun wakilai a kan abin da aka danƙa mana. Biyun ba su faɗa da juna.

Ya mai karatu, yau da dare bayan tuwo, kafin addu'ar iyali, ka tara mutanen gidanka. Ku ƙirga mutum nawa ne suka san lambar katin Mama. Ku zaɓi kalmarku ta gida. Ku koya wa kaka abin da za ta ce in an kira ta. Ran Lahadi kuma ka ba maƙwabcinka wannan mujalla, ko ka karanta masa in bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.